Takalmi ya ƙi shiga fedar SPD: a sassauta sifirin ne, ko matsalar tana wani wuri?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimakon masana. Feda Shimano PD-M530 ce a keken hawan dutse, ta gwanjo, irin SPD, wato fedar da take kulle takalmi a jikinta. Takalmin ma na gwanjo ne, irin mai faffaɗan ƙasa, ya zo da kilit ɗinsa a ɗaure, wato ɗan ƙarfen nan na ƙasan takalmi da ke shiga fedar ya kulle. Ƙafar dama sai an danna da dukkan ƙarfi kafin ta shiga, wani lokaci ma ba a jin ƙarar shigar. Ta hagu kuwa, fuska ɗaya ta fedar tana karɓa lafiya lau, ɗaya fuskar ta ƙi sam. Me zan fara dubawa?

Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam. Sassauta sifirin ɗin kawai, ƙanina, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da ke sa fedar ta riƙe kilit. A bayan kowace fuska akwai ɗan sukuru da alanki (ƙarfen murɗa sukuru mai kusurwa shida) mai milimita 3 ke shiga, da alamar + da − a gefensa. Juya shi wajen − har ya kusa ƙarewa. Shi ke nan.

Oga Bakanike:
Ɗan Tsere, ka yi hanzari. Sukurun nan zai iya gyara ta hagu, amma ina shakkar zai taɓa ta dama. Matsala biyu ce daban ya kawo mana, kuma kafin a taɓa kowane sukuru sai an san wace ce ta feda, wace ce ta takalmi.

Sabon Mahayi, ga gwajin farko, ba ya buƙatar kayan aiki. Cire takalman, ka jingina keken da bango, ka riƙe takalmi a hannu. Kilit ɗin SPD iri ɗaya ne hagu da dama, don haka kowane takalmi zai iya shiga kowace feda. Ɗauki na dama ka gwada shi a fuskoki huɗun nan duka, biyu na fedar dama, biyu na ta hagu. Sannan ka yi haka da na hagu. Idan matsalar tana bin takalmin duk inda ya je, laifin kilit ne ko robar ƙasan takalmin. Idan kuwa tana nan zaune a fuska ɗaya ko da wane takalmi ka kawo, laifin fedar ne. Manna ɗan salatif a fuskar da ta ƙi don kada ta ɓace maka, domin fedar tana juyawa.

Yayin da kake dannawa da hannu, sunkuya ka kalla daga gefe, idonka daidai da fedar. Abin da kake so ka gani shi ne: hancin kilit ya shige ƙarƙashin ƙugiyar gaba, wadda ba ta motsi, sannan bayan kilit ya tura ƙugiyar baya, mai sifirin, ta buɗe ta koma ta rufe a kansa. Duba ko robar takalmin tana riga kilit sauka a jikin fedar.

Sabon Mahayi:
Na gwada, Oga. Takalmin dama yana wahala a fuskoki duka huɗu. Na hagu yana shiga uku, ya ƙi ɗaya, wadda na manna wa salatif. Kuma lalle robar na dama tana zama a kan fedar tun kilit bai gama sauka ba.

Oga Bakanike:
To ka gani. Ta dama dai ba ruwanta da sifirin. Kamar ƙofa ce da take gogar daɓe, kai kuma kana ta zuba wa kwaɗo mai.

Kilit yana zaune ne a cikin rami tsakanin haƙoran roba, don mutum ya iya tafiya a ƙasa. An tsara shi ne yadda idan ya kulle, robar gefe biyu za ta taɓa jikin fedar kaɗan, ta ba ƙafa wurin zama. Idan ramin ya yi zurfi da ko da milimita 1 ne, robar za ta tokare tun ƙugiyar baya ba ta hau kan kilit ba. Shi ya sa sai ka sa nauyinka duka, kana matse robar ne da ƙarfin tsiya. Kuma shi ya sa ba ka jin ƙarar “ƙas” ɗin nan, domin ƙugiyar ba ta faɗawa da ƙarfinta, a hankali take zamewa. Haɗarin ya fi yawa wajen fita: robar da ta matsu tana riƙe takalmin, diddige ba ya juyawa da sauƙi, sai mutum ya tsaya ya faɗi da keken a ƙafarsa.

Gyara iri biyu ne. Na farko shim, wato ɗan siririn faifai mai siffar kilit da ake sawa tsakanin kilit da ƙasan takalmi. Fara da mai milimita 1. Na biyu, a rage robar. Shafa alli a jikin fedar, ka danna takalmin, ka ga inda allin ya fito a roba. Nan kaɗai za ka fere da reza ko wuƙa mai kaifi, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Ni na fi son a fara da shim domin ana iya cire shi, robar da aka yanke kuwa ba ta dawowa.

Yadda za ka san ka kai: sa takarda tsakanin roba da feda, ka kulle takalmin. Ta fito da ɗan ja, daidai. Ta yage, har yanzu da matsi. Ta zame ba ta taɓa komai ba, shim ya yi yawa, ƙafa za ta riƙa rawa hagu da dama a kan kilit kaɗai.

Malam Alanki:
Na yarda da Oga, amma akwai tambayar da ba a yi ba: me ya sa na dama kaɗai, alhali takalman tare aka yi su? Ramin ba zai bambanta haka kawai ba. Abu uku nake zargi.

Ko dai an ɗaure kilit ɗin dama can baya ko can gefe, har ya matso bakin ramin, inda robar take hana ƙugiya wurin shiga. Ƙugiyar gaba da ta baya suna buƙatar fili a gaban kilit da bayansa. Masu hawan dutse da yawa suna tura kilit baya sosai don saukowa gangare, a wasu takalman kuwa ramin bai kai nan ba. Ko kuma kilit ɗin ya nutse cikin ƙasan takalmin. Ƙasan kilit yana da ƙananan haƙora da suke cizon takalmin don kada ya zame, idan an sha ɗaure shi da ƙarfi a wuri ɗaya, sai ya haƙa wa kansa gurbi ya sauka ciki. Ko kuma, na uku, ba kilit ɗin Shimano ba ne ma.

Wannan na ukun shi ne ciwon kayan gwanjo. Duk kilit ɗin keken dutse ƙusa biyu ne, duk suna ɗauruwa a takalmi ɗaya, amma ba duka ke shiga feda ɗaya ba. Goge shi da burushin waya ka karanta. Na Shimano an buga masa SM-SH51, baƙi ne, ko SM-SH56, mai haske da harafin M a jikinsa. Idan ka ga launin tagulla, na kamfanin Crankbrothers ne ko na kamfanin Time, waɗannan ba za su taɓa shiga SPD ba. Akwai kuma masu kama da SPD daga wasu kamfanoni, suna shiga, amma bambancin siffa kaɗan yakan sa su yi tauri ko su yi sako-sako. Kwatanta na hagu da na dama gefe da gefe, ka tabbatar ma iri ɗaya ne. Ka kuma duba cewa hancin mai tsini yana kallon yatsu, domin ana samun wanda aka ɗaura a juye.

Sabon Mahayi:
Malam, duka biyun SM-SH51 ne. Amma na dama yana can ƙarshen baya, kuma ya jingina da robar gefen ciki. Gefunansa ma sun cinye, sun yi sulɓi.

Malam Alanki:
To kafin ka nemi shim, dawo da shi tsakiya, kuma tunda ya cinye, sayi sabo ka canza duka biyun. Ga yadda ake yi.

Fara tone ƙasar da ta cika kan ƙusoshin da tsinin ƙusa ko allura, har alanki mai milimita 4 ya shige ya zauna a gindi. Mafi yawan kan ƙusar da ya lalace, alanki ne aka sa rabi aka murɗa. Idan tsatsa ta kama, zuba man sassauta tsatsa ta sama, ka ɗaga shimfiɗar cikin takalmi ka zuba ta ciki ma, a bar shi ya kwana.

Wajen ɗaurawa, sa takalmin ka taɓo ƙashin nan da ya fito a gindin babban yatsa, ka yi masa alama a gefen takalmi. Tsakiyar kilit ya kasance daidai da alamar ko bayanta da milimita 5 zuwa 10. Farantin da ke cikin takalmin yakan zo da huji huɗu, biyu gaba biyu baya, zaɓi layin da zai kai ka wurin ba tare da ka kai ƙarshen tsagar ba. Kada ka manta da ɗan farantin nan mai huji biyu da yake zama a cikin kilit, shi ne kan ƙusa ke hawa. Ɗaura ƙusoshin bi-da-bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada kilit ya karkace, har Nm 5 zuwa 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). In ba ka da sifana mai auna ƙarfi, riƙe alanki ta gajeren hannunsa ka matse iya ƙarfin yatsu, sannan ka juya ta dogon hannu ka ƙara kaɗan. Bayan hawa na farko ka sake matsewa, domin haƙoran kilit suna ƙara zama.

Ɗan Tsere:
Tunda sabo zai saya, ya sayi SH56 mana. An yi shi ne don masu koyo.

Malama Koci:
A'a yayana, SH56 fita yake sauƙaƙawa, ba shiga ba. SH51 yana saki ne kawai idan ka juya diddige gefe. SH56 yana saki ko da ka ja diddige sama a karkace. Ga mai tsoron faɗuwa a tsaye, yana da amfani. Amma shigarsu ɗaya ce, hanci gaba sannan a danna. Kuma a hanya mai duwatsu, ko in mutum ya fara ɗaga keke da ƙafa, yana iya saki a lokacin da ba a so, wannan kuwa ya fi faɗuwa a tsaye muni.

Wanda aka yi don shiga shi ne CL-MT001 da Shimano ta fitar a 2025. An sassaƙa hancinsa yadda za a iya taka shi kai tsaye daga sama, ba lalle sai an fara cusa gaba ba. In ya samu, madalla. Amma shi ma ba zai yi komai ba idan roba ce ta tokare.

Ɗan Tsere:
Na ji, Malama. Sai dai ina nan kan bakata game da ta hagu, sifirin ne.

Oga Bakanike:
Nan kam muna tare, wataƙila. Mutane suna manta cewa sukurun huɗu ne, biyu a kowace feda. Mai keken na farko zai iya sassauta uku ya tsallake ɗaya. Yadda ake daidaita su: juya kowanne wajen − a hankali har ɗan farantin da sukurun ke ja ya kai ƙarshe, ka tsaya nan. Kada ka wuce, domin sukurun yana iya fita daga zarensa, mayar da shi kuwa aiki ne, sai an danne sifirin. Daga nan ka juya wajen + kana ƙirga ƙarar da yake yi. Zagaye ɗaya ƙara huɗu ne. Mai koyo ya fara da ƙara biyu ko uku a kowace fuska, duka huɗun lamba ɗaya. In ƙafa ta fara fita da kanta a kan gargada, a ƙara ɗaya-ɗaya.

Idan an daidaita amma fuskar nan ta ci gaba da ƙi, sa bakin sukundireba mai faɗi a bayan ƙugiyar baya ka ɗan banƙare ta, ka kwatanta da ta ɗaya fuskar. In ta ƙi motsi ko ta buɗe ta ƙi komawa, datti ne ko tsatsa a inda take juyawa. In tana motsi lafiya, kalli ƙugiyar gaba. Fedar da ta sha dukan dutse, ƙugiyarta takan lanƙwashe ƙasa kaɗan, hancin kilit ya rasa wurin shiga. Ɗora fedar daidai ido ka kwatanta tsayin ƙugiyoyin fuska biyun. Duba kuma ƙananan sukuran da suka riƙe farantin saman fedar, wanda ya kwance ya ɗago kai yana tare kilit. Ƙugiyar da ta tsage kuwa ba a gyara ta, a canza fedar.

Baba Mai Giris:
Yara, ku bar ni in sa baki a maganar wanki, domin nan ake ɓata fedoji. Kada a zuba baƙin mai ko giris a kan ƙugiyoyi. A lokacin hunturu ƙura za ta manne, ta haɗu da man ta zama abin da zai riƙa cin kilit da ƙugiya tare. A wanke da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, a shiga tsakanin zagayen sifirin, a ɗauraye, a bar ta ta bushe sarai. Sannan ɗigo ɗaya na man sarƙa a kowane gefen da ƙugiyar baya ke juyawa, ɗigo ɗaya a kan sifirin, a motsa ta da sukundireba, a goge duk abin da ya fito waje. Inda kilit yake gogar ƙarfe, man sarƙa irin mai bushewa ya isa, ko ma a goga kyandir.

Da damina kuma laka ce, musamman ta jar ƙasa, tana cika ramin takalmi ta daskare. In ka taka laka, buga gefen takalmin a jikin fedar sau biyu kafin ka nemi shiga. Tsakuwa ƙwaya ɗaya a gaban hancin kilit ta isa ta hana komai.

Ɗan Tsere:
Baba, shi ya sa wasu suka koma Crankbrothers. Fedarsu Eggbeater fuska huɗu gare ta, laka tana zubewa ta tsakiya.

Malam Alanki:
Gaskiya ne a laka ta fi. Amma kada a sa yaro kashe kuɗi a banza, domin matsalar robarsa za ta bi shi can, har ta fi, shi ya sa Crankbrothers suke sako shim a kwalin. Kuma fedojinsu Eggbeater da Candy ba su da sukurun sassauta sifirin, abin da ake canzawa shi ne kusurwar fita, digiri 15 ko 20, gwargwadon takalmin da aka ɗaura wa kilit ɗin da aka yi wa alamar ɗigo. A fedar Time ATAC ma kusurwar fita tana canzawa, digiri 13 ko 17, in an musanya kilit ɗin hagu da na dama. Kilit ɗinsu na tagulla ne, an yi shi da gangan ya cinye kafin fedar, don haka ya fi na ƙarfe saurin ƙarewa. M530 ɗinsa ba ta da laifi.

Malama Koci:
Bayan an gama da ƙarfe, saura ƙafa, domin ko fedar ta gyaru sai an iya shigar. Sabon Mahayi, jingina da bango ko ka sa wani ya riƙe maka keken, ka kama birki biyu. Kawo fedar ƙasa. Sunkuyar da yatsu kaɗan, ka ɗora takalmin ɗan bayan inda kilit zai zauna, ka zamo da shi gaba har ka ji hancin ya tokare, sannan ka sauke diddige da nauyin jikinka. Gaba, sannan ƙasa. Masu koyo sukan yi ta taka fedar da tsakiyar ƙafa, alhali kilit yana can gaba kusa da gindin yatsu. Maimaita shiga da fita a kowace ƙafa har ka daina kallon ƙasa.

Wajen tashi, kulle ƙafa ɗaya tun kana tsaye, ɗago fedar ta kai wajen ƙarfe 2 na agogo, ka taka ka hau sirdi. Ɗaya ƙafar ka ɗora ta kawai ka ci gaba da tuƙi, ko ba ta shiga ba. Amfanin firam ɗin da ya kewaye M530 ke nan. Sai keken ya samu gudu ka neme ta lokacin da fedar ta zo ƙasa. A hawan tudu kada ka tsaya neman feda, gudun zai mutu. Sauko da giya tun kafin ka tsaya, in tudun ya yi tsaye sosai ka tashi a karkace. Fita kuma, diddige waje, tun kafin keken ya tsaya cik, ba bayan ya tsaya ba.

Oga Bakanike:
Ƙari ɗaya kan shim, in har ya buƙace shi. Shim yana cinye tsawon ƙusa. In ka sa mai milimita 1, ƙusar da ta zo da kilit takan isa, fiye da haka sai ka nemi ƙusa M5, wato mai kaurin milimita 5, mai ɗan tsawo, mai kai irin wanda ke nutsewa. Amma bayan ka ɗaure, ɗaga shimfiɗar ciki ka shafa da yatsa, kada tsinin ya fito ya riƙa sukar tafin ƙafa. Ka kuma sa wa zaren ɗan giris.

Malam Alanki:
Ni dai shuɗin maganin kulle zare nake ba da shawara, irin Loctite 243, ba giris ba. Ƙusa ɗaya ta faɗi, kilit zai riƙa juyawa tare da fedar, takalmin ya ƙi fita ko ka murɗa diddige har ina.

Oga Bakanike:
Giris da matsi daidai ba ya kwancewa, Malam, kuma ranar cirewa za ka gode masa. Kowanne dai ya fi a ɗaura a bushe. In kuwa abin da ka faɗa ya faru, a zare ƙafa daga takalmin a bar shi a kan fedar, a banƙare ƙugiyar baya da sukundireba, takalmin zai fito.

Sabon Mahayi:
Allah ya saka da alheri, iyayen gida. Na dawo da kilit ɗin dama tsakiya, yanzu yana shiga da ƙara, sai dai takardar tana yagewa a gefen ciki. Fuskar hagun nan kuwa sukurunta yana can ƙarshen +, na daidaita huɗun a ƙara uku, ta karɓa. Shim zan sa ko in fere robar?

Oga Bakanike:
Ko ɗaya tukuna. Kilit ɗin da ya cinye ba a auna komai da shi. Sa sabon, ka sake gwajin takarda. In har yanzu gefen ciki kaɗai ke yagewa, alli da reza, domin shim zai ɗaga gefe biyun ne, na waje ya rasa abin taɓawa. In gefe biyun ne, shim. Ka kuma duba kada takalmin ya riƙa gogar hannun feda bayan ka matsar da kilit, a bar tazarar da ta kai milimita 3 ko fiye.